Kafin Alƙalami: Labarina da Keken Lantarki

Ina so in ba ku labarin wani abu da ya hana ni barci har mako uku bayan Kirsimeti. Ba wanda ya yi ciwo a gidanmu, ba a kuwa yi mana rashi ba. Keke ne kawai. In kun yi dariya ba zan ji haushi ba, gama ni ma yanzu nakan yi. Amma a kwanakin nan, tanadin da muka yi wata goma muna tarawa ne yake bakin rijiya, har da amincin da ke tsakanina da uwargidana.

Ni malami ne a makarantar ekklesiya. Gidanmu yana Tudun Jukun, a nan Zariya, makarantar kuwa tana can ta wajen Dutsen Kufena, kimanin kilomita bakwai daga ƙofar gidana. Shekara da shekaru wani tsohon babur ne yake kai ni yana komo da ni. Dā ban cika kula da abin da yake sha ba. Amma ran 29 ga Mayu, 1 ga mulkin Shugaba Bola Tinubu a shekarar 2023, ya faɗa a jawabinsa cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Tun daga nan tana hawa tana sauka, amma ba ta koma inda take dā ba. Albashin malami kuwa, kun san ba ya gudu kamar farashin mai.

Yadda abin ya faro

Wata ran Lahadi bayan sujada, wani saurayi ya tsai da ni a bakin ƙofar majami'a. Ɗalibina ne a dā, ni na koya masa lissafi a aji biyar, yanzu kuwa yana 'yar sana'ar shigo da kaya daga ƙasar Sin. Ya rusuna ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, “Malam, kullum in na gan ka kana tura babur ɗin nan da safe sai raina ya ɓaci. Ga maganin wahalarka.”

Ya miƙo mini wayarsa. Na ga hoton wani keke baƙi mai kyau, da batir a jikin ƙarfen tsakiya. Ya ce sabon fitowa ne, ba a kawo irinsa Zariya ba tukuna. Kuɗinsa naira 900,000. Yana neman mutum ashirin waɗanda kowannensu zai ba da rabin kuɗin kafin alƙalami, watau naira 450,000. In sun cika sai a yi oda, bayan wata uku kaya su iso Legas, a hau da su Arewa, kowa ya cika sauran ya ɗauki nasa. Wanda ya jira sai kaya sun sauka, in ji shi, zai saya da tsada ƙwarai. Ya ce mutum goma sha huɗu sun riga sun sa suna, ƙarshen wata kuma zai rufe.

Ya rubuta mini waɗannan duka a 'yar takarda. Na naɗe ta na sa cikin Littafi Mai Tsarki nawa. Da na koma gida ban faɗa wa kowa ba. Ku riƙe wannan, gama a nan ne kuskurena ya fara.

Wane irin keke ne?

Da yake ni mai son bin diddigi ne, sai na shiga karatu a kan abin, dare bayan dare. Bari in gaya muku abin da na koya, ko zai amfani wani.

Keken lantarki keke ne kamar kowane, da feda da sarƙa da birki, sai dai an ƙara masa ƙaramin inji da batir. Iri biyu ne manya. Akwai wanda injinsa yake cikin cibiyar ƙafa, yawanci ƙafar baya, yana juya ƙafar kai tsaye. Wannan ya fi araha, ya fi kuma sauƙin sha'ani. Akwai kuma wanda injinsa yake tsakiya, a daidai wurin da feda take juyawa. Irin wannan ne ɗalibina yake talla.

Mai inji a tsakiya, ƙarfinsa ta cikin sarƙa yake bi, kamar yadda ƙarfin ƙafarka yake bi. Saboda haka in ka sauya giya, injin ma ya amfana. In ka zo hawan tudu ka sa ƙaramar giya, sai ya hau da kai ba tare da ya galabaita ba. Masu kyau a cikinsu suna da wata na'ura mai auna ƙarfin da ka taka feda da shi. In ka taka a hankali ya taimake ka kaɗan, in ka danna da ƙarfi ya ƙara. Nauyin injin kuma yana ƙasa a tsakiya, don haka keken ba ya rinjaya baya. Kamfanin Yamaha na Japan ya fara sayar da keke mai taimakon feda a 1993, daga baya Bosch na Jamus da Shimano na Japan da Bafang na Sin suka yi suna a wannan sana'a. A ƙasashen Turai doka ta ce muddin ana so a lissafta shi a kan keke, kada injin ya wuce wat 250, ya kuma daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a sa'a.

Batirin irin na wayar hannu ne, sai dai babba. Yawancinsu sukan ci wajen rabin yunit na wuta kafin su cika, cikin sa'a huɗu zuwa shida, su kuwa kai mutum kilomita 40 zuwa 80, gwargwadon nauyinsa da hanya da yawan taimakon da ya nema. Da na ga wannan sai zuciyata ta tashi. Ko da a farashin naira 225 kowace yunit, wanda aka sa wa masu samun wuta mafi yawa a watan Afrilu 2024, caji ɗaya bai kai naira 120 ba, zai kuwa kai ni makaranta in komo har kwana uku. Na rufe ido na ga kaina ina wuce layin gidan mai, ina ɗaga wa mutane hannu.

Na kuma shirya inda kuɗi zai fito. Muna cikin wani adashi na mutum goma, kowane wata naira 30,000, ɗaukarmu kuwa ta zo daidai ƙarshen watan nan: naira 300,000. In na sayar da babur zan sami wajen naira 250,000. Kafin alƙalami ya samu ke nan, har da ragi. Sauran kuma in kaya sun iso sai in ci bashi a ƙungiyar malamai. A kan takarda kome ya zauna daram.

Tambayar tsohon mai gyara

Akwai wani dattijo mai gyaran keke a Tudun Wada, a gindin wata dalbejiya. Musulmi ne, abokin marigayi mahaifina. Mahaifina mai bishara ne, da keken Raleigh ya zaga ƙauyukan ƙasar Zazzau, wannan dattijo kuwa shi ne yake yi masa faci tun ina yaro. Na je na gaishe shi, na nuna masa hoton.

Ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya ce, “Malam, abin ya yi kyau. To, ran da ya ƙi tashi, wa zai buɗe cikinsa?”

Na ce, “Baba, ai sabo ne.”

Ya ce, “Kowane tsoho da ka gani a nan, sabo ne dā.” Ya nuna kekunan da ke jingine. “Raleigh, Phoenix, Hero, ko cikin dare ka tashe ni zan kwance su in ɗaura. In wani abu ya karye, in aiki yaro kasuwar Sabon Gari, kafin la'asar ya kawo. Wannan naka fa, in abin cikinsa ya ƙone, Sabon Gari za a je ko ƙasar Sin?”

Ya sake duban hoton ya ce, “Ka ce ƙarfin injin ta sarƙa yake bi? To, sarƙar da aka yi domin ƙafar mutum, in ka haɗa mata da inji, ga ƙurar hunturu tana shiga tana ci kamar yashi, wata nawa za ta yi?”

Da na koma na bincika, sai na tarar tsohon ya faɗi gaskiya ba tare da ya karanta kome ba. Mai inji a tsakiya yakan cinye sarƙa da haƙoran ƙafar baya da sauri fiye da keken da aka saba. In sarƙa ta tsinke a hanya, injin ba shi da abin da zai ja, sai turawa, keken kuwa ya fi kilo 20. Mai inji a cibiyar ƙafa, ko sarƙa ta tsinke yana iya kai mutum gida in yana da totur.

Wani abu kuma ya faɗo mini a rai ina tafiya gida. Babbar fa'idar wannan keke ita ce hawan tudu. To, ina tudun? Sunan unguwarmu Tudun Jukun, maƙwabtanmu Tudun Wada, amma kowa ya san ƙasar Zariya shimfiɗaɗɗiya ce. Kufena dutse ne da ya tsaya shi kaɗai a fili, hanyata kuwa ba ta kansa take bi ba. Da a Jos nake koyarwa, da magana ta sha bamban. Ashe ina shirin biyan kuɗi mai yawa domin maganin ciwon da ba ni da shi.

Na sake zama na yi lissafi

A Luka sura 14 Ubangiji ya ba da misalin mutumin da yake so ya gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya ƙididdige abin da za ta ci, don kada ya kafa tushe ya kasa gamawa ya zama abin dariya. Na sani a kan tamanin bin sa yake magana. Amma ya ɗauki misalin daga abin da kowane mai hankali ya sani ne, ni kuwa mai koyar da lissafi na tsallake shi. Lissafin da na yi da fari na inda kuɗi zai fito ne. Ban yi na yaushe zai komo ba.

Na ɗauki alli. Babur yana shan wajen lita huɗu a mako. In an sa lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 208,000 ke nan a shekara. Da baƙin mai da ƙananan gyare-gyare, a ce naira 250,000. Cajin keke a shekara bai fi naira 12,000 ba. Watau zan tsira da wajen naira 240,000 kowace shekara. Kuɗin keke 900,000, a cire 250,000 na babur, saura 650,000. Sai na yi kusan shekara uku kafin keken ya mai da abin da ya ci, in bai lalace ko sau ɗaya ba, in kuma ba a lissafta ruwan bashi ba.

A daidai lokacin nan kuwa batir yakan fara gajiya. Irin wannan batir yana da iyakar caji, ɗaruruwa ne, daga nan tafiyarsa ta dinga raguwa. Zafi kuma yana rage masa kwana, kun kuwa san bazarar Zariya, a watan Maris da Afrilu zafi yakan kusa digiri 40. Sabon batir babban kaso ne na kuɗin keken kansa.

Ga kuma maganar wuta. Ba mu manta da watan Oktoba 2024 ba, sa'ad da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. A irin wannan mako, sai in kai batir wurin mai janareto, janareto kuwa fetur yake sha. Na gudu daga mai na komo wurin mai. Batir marar inganci ko abin caji na jabu kuma yana iya kama wuta, wutarsa tana da wuyar kashewa. Saboda yawan gobarar da irinsu suka jawo, birnin New York na Amurka ya kafa doka a 2023 ta hana sayar da keken lantarki da batirinsa sai wanda aka gwada aka tabbatar. Mu da muke kwana da yara a ɗaki biyu, a ina zan sa shi caji da dare?

Abu na ƙarshe, babur yana ɗaukar uwargida zuwa taron zumuntar mata, yana ɗauko buhun masara daga gona. Keken nan ni kaɗai zai ɗauka. In kuwa na sayar da babur yau, wata uku zan yi ina biyan ɗan acaba kafin kaya su iso.

Duk da haka zuciyata ba ta saki ba. Kowane dare sai in buɗe hoton in duba. A nan na gane ba tsadar mai kaɗai take tura ni ba. Ina so in zama na fari da zai shiga harabar makaranta da abin da ba wanda ya taɓa gani.

Takarda ta faɗo

Saura kwana biyar wata ya ƙare, muna sujadar iyali da dare, na miƙa wa babbar 'yarmu Littafina ta yi karatu. Tana buɗewa sai 'yar takardar ta faɗo a tabarma. Uwargida ta ɗauka, ta duba, ta naɗe ta miƙo mini. Ba ta ce kome ba. Muka yi waƙa, muka yi addu'a, yara suka kwanta.

Sa'an nan ta ce, “Maigida, kuɗin adashin ne?”

Na ce, “Ina dai tunani ne tukuna.”

Ta ce, “Mako nawa kana tunanin?”

Na ce uku.

Ta yi shiru. Can ta ce, “Cikin dubu talatin ɗin nan na kowane wata, goma daga zoɓo da kunun zaƙin da nake sayarwa suke fitowa. Mun ce za mu biya wa yarinyar nan kuɗin jarrabawar fita sakandare da ta shiga jami'a. Mun ce za mu sauya kwanon ɗakin yara kafin damina, abin da ya ragu mu sayi taki. Ni ban ce kada ka sayi keke ba. Na ga wahalar da kake sha. Amma da ɗalibinka ka yi shawara, da mai gyaran keke ka yi shawara, ni kuwa sai takarda ce ta faɗa mini.”

'Yan'uwa, na sha tsayawa gaban aji ina koya wa yara cewa abin da mutum yake ɓoyewa, yawanci ya riga ya san ba daidai ba ne. Daren nan na rasa abin faɗa. Na ɓoye takardar ne domin na san tambayoyin da za ta yi, na kuma san ba ni da amsarsu. Na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe, amma ta ƙara da cewa, “Gobe ka je ka tambayi yaron nan abu ɗaya. In wata uku ya cika kaya ba su zo ba, kuɗinmu yana hannun wa?”

Kuɗin yana hannun wa?

Kashegari na je shagonsa. Na yi masa tambayoyi biyar. Za ka rubuta ranar da kaya za su iso, ka sa hannu a gaban shaidu? In ranar ta wuce, za ka mai da mini kuɗina duka? Sauran naira 450,000 ɗin tsayayye ne, ko zai motsa? Wane kamfani ne ya ƙera injin da batirin? Za ka kawo batir da sarƙa da abin caji na sayarwa, akwai kuma wanda ya iya gyara?

Yaron kirki ne, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce ranar isowa ba a hannunsa take ba, tana hannun jirgin ruwa da masu fito da kaya a tashar Legas. Ya ce kuɗin da muka bayar ba zai zauna wurinsa ba, zai tura wa wani wakili, shi kuma ya tura wa masu ƙerawa, saboda haka ba zai iya alkawarin mayarwa ba. Sauran kuɗin kuwa sai yadda dala ta kama ran da kaya suka sauka. Na tuna a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a watan Fabrairu 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Injin da batirin, ya ce zai tambaya.

A nan idona ya buɗe. Wanda ya ba da kafin alƙalami a kan kayan da ba a ma ɗora wa jirgi ba, rance ya ba ɗan kasuwa, rance marar riba, marar jingina. In ciniki ya yi kyau, ribar ta ɗan kasuwa ce, kai ka sami ɗan ragi. In ya ɓaci, hasarar taka ce. Wannan shi ne abin da kakanninmu suka kira cinikin biri a sama.

Kada kuma a ce sai a ƙasarmu irin wannan yake faruwa. A birnin Amsterdam na ƙasar Holan, inda keke ya zama kamar takalmi, akwai wani sanannen kamfanin keken lantarki mai suna VanMoof. A watan Yuli 2023 kotu ta tabbatar ya karye. Mutanen da suka riga suka biya suna jiran kekunansu suka shiga layin masu bin bashi. Waɗanda suke da keken a hannu kuma suka shiga damuwa, gama kayan gyaransa na musamman ne, ba kowane mai gyara yake da su ba. Tambayar tsohon nan na gindin dalbejiya ita ce ta same su a Turai.

Da ɗalibina ya ga na yi sanyi, sai ya yi murmushi ya ce, “Haba Malam, ba kai ka koya mana a makarantar Lahadi cewa bangaskiya ita ce amincewa da abin da ba a gani ba?”

Na ce, “Ɗana, na koya muku. Amma Ibraniyawa sura 11 a kan alkawarin Allah take magana, wanda ba ya ƙarya, ba ya kuwa karyewa. Kai da bakinka ka ce ba ka da iko a kan jirgi, ko dala, ko wakilinka. In na ɗora maka irin amincewar da ta dace da Allah kaɗai, na cuce ka. Ran da abu ya ɓaci, ni da kai ba za mu iya haɗa ido a teburin Jibin Ubangiji ba.”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Gaskiya ne, Malam.” Na ce masa ya cire sunana, amma in kaya sun iso ya kira ni, ni ne na fari da zan zo gani.

A hanyar gida wani tunani ya zo mini. A Afisawa sura 1, manzo Bulus ya kwatanta Ruhu Mai Tsarki da abin da akan bayar tun da fari domin a tabbatar da ciniki. Watau a sha'anin cetonmu, Allah ne ya ba da kafin alƙalami. Shi mai iko ne ya ɗauki nauyin, ya ba mu tabbaci a hannu tun kafin mu ga gādon. A kasuwar duniya kuwa, talaka ake cewa ya fara biya.

Abin da muka yi

Muka ɗauki adashi. Muka biya kuɗin jarrabawar yarinya, muka sayi kwano, muka ajiye na taki. Sa'an nan na shiga ɗakin ajiya na fito da Raleigh ɗin mahaifina, duk ya yi ƙura. Na tura shi har Tudun Wada. Tsohon ya gan shi ya yi dariya har da hawaye, ya ce, “Ka ga abokina ya komo.” Taya biyu, sarƙa, birki da sirdi, duka ba su kai naira 40,000 ba. Da sabon gini gara yaɓe.

Yanzu kwana uku a mako da keke nake zuwa makaranta, minti talatin da biyar in ban yi sauri ba. Kwana biyu da ran Lahadi na babur ne. Kuɗin mai ya ragu kusan rabi, abin da ya ragu kuwa uwargida take karɓa tana sa wa a asusu. Ba zan ɓoye muku ba, makon fari cinyoyina sun yi tsami, da rana kuma nakan iso gida jiƙe da gumi. A irin wannan rana nakan tuna da baƙin keken nan na cikin hoto, in ji ina sonsa har yanzu.

Ba na cewa keken lantarki mugun abu ne. Ina tsammani yaranmu za su hau shi kamar yadda iyayenmu suka hau Raleigh. Mai yiwuwa kekunan ɗalibina su iso lafiya, waɗanda suka biya su riga ni morewa, ni kuma in saya da tsada. Ina yi masa addu'a ya zama haka, gama shi ma abincinsa yake nema. In ya zama haka, ƙarin da zan biya shi ne kuɗin barcin da na yi cikin kwanciyar rai. Ran da suka iso zan hau ɗaya in je Kufena in komo, in kai shi gindin dalbejiya a duba, in jira in ga yadda zai yi da hunturu ɗaya da damina ɗaya. Zan kuma duba mai inji a cibiyar ƙafa, wanda ya fi araha, ya kuma ishi ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin tamu. In asusu ya cika, mu biyu za mu fasa shi.

Ɗan'uwa mai karatu, watakila naka ba keke ba ne. Watakila fili ne da ba ka taka ba, ko injin niƙa, ko kayan sola, ko taki da aka ce a biya yanzu a karɓa da damina. Kafin ka miƙa kuɗi, ka tambayi kanka: Kuɗin nan nawa ne ni kaɗai, ko akwai gumin wani a ciki? An riga an yi masa wani aiki? In kaya ba su zo ba, wa zai ɗauki hasara? In sun zo sun lalace, wa zai gyara? In an ce maka sai yau, gobe an rufe, ka ƙara yin hankali, gama sauri ya haifi nawa. In kuwa ka ga kana ɓoye takardar daga matarka ko mijinki, to, ka riga ka sami amsa.

Allah ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa a hannunmu, ya kuma kiyaye salama a gidajenmu. Amin.